Saƙonnin da Na Rubuta da Sunan Iya

Shagwa, Njamena
Litinin, 3 ga wata

Yaya Safiyatu,

Assalamu alaikum. Ya Kano, ya maigidan da yara? Iya tana gaishe ki. Ƙafarta ta yi sauƙi tun da ta daina hawa babur, yanzu kar take shiga, ƙaramar bas ɗin hayar nan, ko da za ta yi awa guda tana jira a bakin titi. Ni ma lafiyata lau, in dai lafiyar jiki ake tambaya.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a cikin kwalin humra. Na san za ki ce wa ke rubuta wasiƙa a wannan zamani. Wanda ya buga wayarsa da bango ne. Ta tarwatse, lambarki tana ciki, ban taɓa haddace ta ba. Shu'aibu direba zai miƙa miki wannan tare da kayan. Don Allah kada ki kira ƙaramar wayar Iya a kan wannan magana. Ba ta san komai ba.

An sace shafin Iya na intanet. Wancan da na buɗe mata shekara biyu da suka wuce, Hajja Huseina Dilke da Humra, wanda rabin masu sayen kayanki a Kano ta cikinsa suka san ki. Tun ranar Alhamis ba ya hannuna.

Bari in gaya miki yadda aka yi, ki zage ni sau ɗaya mu wuce wurin. Wata mata a unguwar Gassi, ita ma humra take haɗawa, ta saki bidiyo tana cewa kayan 'yan Shagwa ruwa ne da kala. Ba ta ambaci suna ba, amma kwalbarmu ce a hannunta, ta dai juya takardar baya. Iya da ta yi shekara talatin tana gasa farce da sandal har hayaƙi ya cinye mata ido, wadda ta fara jiya ce za ta ce mata ruwa da kala! Na shiga ƙarƙashin bidiyon. Kwana biyu ina amsa mata, ita da 'yan korenta, duk wadda ta ɗago kai na mayar da ita. Na faɗi abin da bai kamata ba, na sani. Har aurenta da ya mutu na taɓo.

Ranar Alhamis da hantsi ina kasuwar Suk Kabir wurin sayen kwalabe, saƙo ya shigo da Faransanci, da tambari da komai, wai daga kamfanin masu shafukan ne. Wai an kai ƙarar shafin saboda zagi, za a rufe shi kafin gobe sai in na tabbatar ni ne mai shi. To ai na san na yi zagin, shi ya sa ban yi shakka ba. Kin san ban yi lekol ba, ban taɓa zaman aji ba. A jikin kwalaye da allunan shaguna na koyi boko, Faransancin ma haka na tsince shi. Na tsaya gefen masu goro na karanta saƙon nan daga sama har ƙasa, na gane kowace kalma, Yaya, kowace ɗaya, har wani daɗi na ji a raina. Rumfar Yunusu mai gyaran waya taku ashirin ce daga inda nake tsaye. Ban je ba. Me zan tambaye shi, ni da na gane? Na danna, na sa kalmar sirri, suka turo kod, lambar tabbatarwar nan, na mayar musu. Kafin in isa tashar kar an fitar da ni daga shafin.

Sai a lokacin na koma wurin Yunusu. Ya duba ya ce sun canza lamba, sun canza imel, kalas, shi ke nan. Ya cika mini wata takardar ƙorafi a wayarsa ya ce in jira. In jira wa? Ba ofis, ba ƙofar da zan buga, ba mutumin da zan riƙe wa riga. Da na dawo gida ne bango ya sha.

Mabiyan ba su dame ni ba, su tafi. Akwatin saƙon ne ya hana ni cin abinci. Kin san aikin Iya. Amarya ta zo ta zauna a ɗakinta kwana goma sha huɗu, a murje ta da dilke, ta zauna kan hayaƙi, ba namijin da zai gan ta har ranar da za a kai ta. Ni kaina in akwai amarya a gidan ta ƙofar baya nake shiga. To kafin su zo, da bayan sun tafi, mata suna turo hotuna ta shafin. Hannu, wuya, baya inda ƙuraje suka fito, kai ba ɗankwali, suna tambayar me za su shafa. Ban taɓa goge ko ɗaya ba. Yanzu duk suna hannun wani ɗan iska da ban san ko a wace ƙasa yake kwana ba. In hoton mace ɗaya ya fita, ba uwar da za ta sake kawo 'yarta ɗakin Iya. Ba humra suke saye a wurinta ba, rufin asiri suke saye.

Ga abin da nake so. Ki sanar da mutanenki cewa duk mai magana a shafin nan yanzu ba mu ba ne. Kada su tura komai, kada su amsa. Ki yi da sauri. Ni ina nan ina neman dabara kafin Iya ta ji. Akwai amarya a ɗakin yanzu haka, Sharifa 'yar Hajja Bilkisu, mai aiki a kantin magani. Yau kwananta biyu.

Ƙaninki,
Junaid

*

Kano
Asabar, 8 ga wata

Junaid,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe da kawunsu mai faɗa da bango. Ka gaishe mini da Gwaggo Huseina, ka ce ta riƙa ɗora ƙafar kan matashi in ta zauna aiki. Kayan sun iso jiya, kwalba ɗaya ce kawai ta tsiyaye, ita ce ta jiƙa gefen takardarka, har yanzu ƙamshi take yi.

Innalillahi. Na karanta a tsaye, sai da na nemi wuri na zauna. Kwana uku kenan ina hira da ɓarawon nan ina zaton kai ne! Na yi ta kiran layinka a kashe, na ce ko caji ne babu. Ya ce in turo lambobin manyan masu sayena za a yi musu rangwame, na tura guda goma sha biyu. Da na yi hankali da na gane, don kwana uku cur bai zagi kowa ba, har da "na gode Yaya". Yaushe ka taɓa ce mini na gode?

Ba zan zage ka ba, abin ya riga ya faru. Amma sau nawa na ce maka shafin sana'a ba dandalin dambe ba ne? Matar Gassi ta yi maganarta, da ka ƙyale ta da yanzu an manta. Kuma kod, Junaid. Ko ni da ban kai ka karatu ba na san ba a ba kowa shi, ko da ya zo da tambarin duniya. Yunusu bai taɓa ce maka ka sa makulli na biyu ba?

Abin da ka ce in yi na yi shi tun jiya kafin la'asar. Na sa sanarwa a shafina, na sa a duk rukunonin da nake ciki, har da na matan da ke fatauci tsakanin Kano da Njamena. Ga yadda na rubuta:

"Sanarwa. An yi wa shafin Hajja Huseina kutse. Ƙanena Junaid, ɗan Hajja, wanda shi ke riƙe da shafin yana amsa saƙonninku tun da aka buɗe shi, ba shi ke magana yanzu ba. Kada kowa ta tura komai."

Na haɗa da hotonka na ƙaramar salla, wanda kake tsaye kusa da Gwaggo, don su san maganar daga gida ta fito, kada su ce ni ma ɓarauniyar ce. Alhamdulillahi ta yaɗu sosai, zuwa safiyar yau an tura ta fiye da sau ɗari huɗu. Ka kwantar da hankalinka, yanzu ba wadda za ta faɗa hannunsa.

Lambata tana bayan takardar nan. Ka ari waya ka kira ni. Kuma ni ban ga amfanin ɓoye wa Gwaggo ba, amma na bi maganarka. Na kira ta jiya mun gaisa kawai, ta ce Sharifa ta fara yin kyau.

Yayarka,
Safiyatu

*

Shagwa
Alhamis, 13 ga wata

Yaya Safiyatu,

Salam. Iya tana nan, ƙafa da sauƙi. Ina fata kuna lafiya. Na gama gaisuwa.

Me kika yi mini? Me kika yi wa Iya? Na ce ki sanar da mutanenki. Mutanenki! Ki bi su ɗaya bayan ɗaya, ki raɗa musu. Wa ya ce ki hau kan rufi da lasifika? Wa ya ce ki sa sunana? Har da hoto, da hulata a karkace, don kada wani ya yi kuskuren gane ni a titi!

Ba su sani ba, Yaya. Matan nan ba su san ni ne ba. Ga abin da ban rubuta miki ba a waccan takarda, don hannuna ya ƙi. Da na buɗe shafin da sunana nake amsawa. Tsawon wata guda ba wadda ta saya. Wata ta tambaya, "Namiji ne?" na ce e, ba ta ƙara magana ba. Sai na fara rubutu da bakin Iya. Na san yadda take magana, tun ina goye nake jin ta. "'Yata, kada ki damu." "'Yata, sa shi bayan wanka." Nan da nan saƙo ya fara zuwa kamar ruwa. In mace ta turo hoto, sai in je in ce wa Iya, wata tana da ƙuraje a baya, me za ta shafa? Ta faɗa, in rubuta. Iya ta ɗauka da baki suke kwatantawa. Ba ta san akwai hoto ba. Su kuma sun ɗauka tsohuwa ce ke kallo. Wallahi ban taɓa nuna wa kowa ba, ban taɓa kallon ko ɗaya sau biyu ba. Amma wa zan gaya wa wannan yanzu ya saurare ni?

Sanarwarki ta riga takardarki isowa Njamena da kwana biyar. Kin san mutanenmu, ba mai zuwa ya faɗa maka a fuska. Ranar Lahadi mata biyu da suka kama ɗaki don wata mai zuwa suka aiko wai an ɗaga biki. Ranar Litinin Hajja Bilkisu ta zo da mota. Ta zauna, ta sha shayi kofi biyu, ta tambayi ƙafar Iya, ta yabi labulen ɗaki. Sannan ta ce kakar Sharifa ba ta jin daɗi, tana son ganinta. Ta fita da yarinyar a lulluɓe, dilken safe bai ma bushe a jikinta ba. Kwana tara. Wa ya taɓa fitar da amarya a kwana na tara don kaka tana mura?

Iya ta raka su har mota tana murmushi. Da ta dawo ta shiga ɗakin kaya ta fara buɗe kwalabe tana shinshinawa ɗaya bayan ɗaya. Ta zubar da humrar da ta yi wata biyu tana tsumawa, wai ta juya. Ba abin da ya same ta, Yaya, ni na wanke kwatar, unguwa gaba ɗaya ta yi ƙamshi. Shekaranjiya ta shiga kar da ƙafar nan tata har Suk Kabir ta yi wa mai sandal faɗa, mutumin da suka yi shekara ashirin tare, wai ya ba ta itacen banza. Jiya tana tankaɗe ta ɗago ta ce, "Junaid, gaya mini gaskiya, hancina ne ya mutu?" Na ce a'a. Ta ce, "To me na yi musu?" Na ce zan je sallah. Ba a ma kira ba.

Ɓarawon kuma ya fara aiki. Yana tura wa kowace mace hotonta, ya ce ta biya shi ko ya saki. Ya tura wa Sharifa. Wanta Abdulmuhaimin ne ya gaya mini, a tashar kar, gaban mutane. Na zaci duka zai kawo, har na gyara tsayuwa, wallahi da ya fi mini. Sai ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce da Larabci, "Kai ne Hajja?" Masu jiran mota suka kwashe da dariya. Ni da ba a gama faɗa mini magana ban mayar da uku ba, na juya na bar tashar.

Na je komisariya wurin 'yan sanda. Wanda na samu mutumin kirki ne, ya rubuta komai, ya ba ni ruwa. Ya ce ina sunan mutumin, ina yake zaune? Na ce da na sani da ba nan na zo ba. Ya ce za su duba, amma in mutumin yana wata ƙasa hannunsu ba ya kaiwa. Yunusu ya sa abokansa sun kai ƙarar shafin don a rufe shi. Har yau yana nan a buɗe, da hoton Iya a sama tana dariya.

Na ga lambarki. Ba zan ari wayar wani in tsaya tsakiyar kasuwa ina faɗin wannan ba, ya isa haka. Ki cire sanarwar nan. Ki cire ta yau. Kuma kada ki ƙara taimaka mini sai na roƙe ki.

Junaid

*

Kano
Talata, 18 ga wata

Junaid,

Salamu alaikum. Muna lafiya, sai ƙaramin da ke haƙori. Allah ya ƙara wa Gwaggo sauƙi.

Na cire tun jiya da Shu'aibu ya miƙo mini takardar, ko mayafi ban ajiye ba. Amma cirewar ba ta da amfani, kai ma ka sani. An ɗauki hotonta, tana yawo a wuraren da ban taɓa shiga ba. Yau da safe wata ta turo mini ita tana tambaya ko na gani.

Na ɗauko takardarka ta farko na karanta sau biyar. "Ki sanar da mutanenki. Ki yi da sauri." Ina ka ce in raɗa? Ina ka ce kada in ambaci sunanka? Shekara biyu ina zaton kowa ya san kai ne, kamar yadda na sani. Ka ɓoye mini rabin magana, sannan ka ce na hau rufi. Na yi kuskure, ban tambaye ka ba kafin in sa hotonka, wannan na ɗauka, kuma na yi kuka a kansa. Amma ba ni na ce wa 'ya'yan mutane "'yata" ba.

Nan ma ba daɗi. Cikin sha biyun da na ba shi lambarsu, ya bi bakwai. Mijin ɗaya ya zo har shago, bai ɗaga murya ba, ya ajiye kwalaben da matarsa ta saya a kan tebur ya fita.

Yanzu ka saurare ni, ni ce babba. Gwaggo tana zubar da kayanta, tana zargin hancinta, tana faɗa da mutanen da ba su yi mata komai ba, duk garin ya san dalili sai ita kaɗai. Wannan ya fi satar shafin muni. Ka zaunar da ita ka gaya mata da bakinka. Shu'aibu ya ce zai iso ku ranar Alhamis in Allah ya so. Na ba ka daren Alhamis da safiyar Juma'a. In an sauko daga masallaci zan kira ta. In ka riga ka faɗa, sai in ba ta haƙuri a kan nawa laifin. In ba ka faɗa ba, ni zan faɗa.

Na sa maka tsohuwar wayata a cikin kwalin, a naɗe cikin zani. Gilashin ya tsage amma tana yi. Ka sa layinka ka kira ni kafin nan. Wannan kuma ba ta bango ba ce.

Yayarka, ko kana so ko ba ka so,
Safiyatu

*

Shagwa
Litinin, 24 ga wata

Yaya Safiyatu,

Assalamu alaikum. Ya jikin ƙaramin, haƙorin ya fito? Ki gaishe da maigidan. Iya tana nan. Tana cin abinci kaɗan.

Takardarki jiya Lahadi ta iso. Motar Shu'aibu ta lalace a Gamboru, kwana uku suna jiran ƙarfe. Wa'adin da kika ba ni na karanta shi bayan ya wuce da kwana biyu. Na san kin ɗauka na gani na yi banza da ke. Ban gani ba. Ko da na gani ban san ko da na iya ba, wannan ita ce gaskiya. Wayar ta iso, na gode. Kin ga na faɗa. Na sa layin, na danna lambarki sau biyu na kashe. Rubutun ya fi mini sauƙi.

Ina tsakar gida ina wanke kwalabe lokacin da kika kira. Na ji ta ce, "Safiyatu, 'yar albarka," da murnarta. Daga nan ban ƙara jin komai ba sai "to", "to", "to". Da ta ajiye ba ta kira ni ba. Ta shiga ɗaki ta ɗaura laffayarta ta fita unguwa, ta fito ta ce, "Sa takalminka."

Gidan Hajja Bilkisu muka je. Kuɗin kar ma ita ta miƙa. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, don ni ba zan wuce nan ba. Hajja Bilkisu ta fito, Abdulmuhaimin yana tsaye a bakin ƙofa. Sharifa tana bayan labule, ƙafarta kawai nake gani. Iya ta ce, "Ban zo da baki ba, na zo in ji. Ni ba na karatu. A ba shi wayar yarinyar ya karanta mini abin da na ce mata."

Na ce, "Iya, don Allah." Ta ce, "Kai ne mai karatu a gidanmu. Karanta."

Aka miƙo wayar ta ƙarƙashin labule. Hajja Bilkisu ta riga ta goge hotunan, sai rubutun. Na fara. Sharifa ta rubuta, "Hajja, ina jin kunya, ko mamata ban nuna wa ba." Na tsaya. Iya ta ce, "Ni kuma na ce me?" Na karanta. "'Yata, ni uwarki ce, ba kunya tsakaninmu. Turo in gani." Na ji an ja numfashi a bayan labule. Wata huɗu na hira, Yaya. Ta gaya mini tsoron da take ji na gidan miji, ta gaya mini abin da likita ya ce mata. Ni na manta rabinsu. Duk na karanta da muryata a zauren mutane, duk inda na yi shiru Iya ta ce, "Ci gaba."

Da na gama Abdulmuhaimin ya ce, "Hajja, mun san ba ke ba ce, wannan ne." Iya ta ce, "Sunan wa ke sama?" Sannan ta ce, "Na ga kuɗi na shigowa, ban taɓa tambayar ta wace ƙofa ba. Yarinya ta ba Huseina amana, Huseina ce ta ci." Ta juya wajen labule ta durƙusa, da ƙafar nan, mace mai shekara sittin, ta ce, "Sharifa, ki yafe mini." Na kai hannu in ɗaga ta ta buge hannun. Labulen bai motsa ba. Hajja Bilkisu ce ta ce, "Tashi Hajja, Allah ya rufa mana asiri gaba ɗaya." Ba ta ce za ta dawo da ita ba, Iya kuma ba ta tambaya ba. An ce bikin yana nan, wata mata a Gassi ce za ta ƙarasa gyaran. Ban tambayi wace ba.

Shafin yana nan a buɗe har yau. Jiya ma ya sa sabon talla da sunanta.

Iya ta ce in gaya miki ki cire takardar sunanta daga kwalaben da suka rage a wurinki, ki sayar da su haka, ko ki bayar. Ta ce ba ta riƙe ki da komai ba. Ɗakin amare ta kulle shi ranar Asabar, makullin yana wurinta.

Da muka dawo ranar Juma'ar ta tambaye ni abu ɗaya. Ta ce, "Su nawa ne?" Na ce sun kai sittin. Ta ce in rubuta sunayensu da unguwanninsu, za ta bi su gida gida, ni kuma in tsaya a zaure in karanta. Mun yi gida huɗu zuwa yau. Biyu sun buɗe, ɗaya ta aiko a ce ba ta nan alhali muna jin muryarta, ɗaya mijinta ya kore mu tun daga titi. Iya ta ce gobe mu fara da wuri kafin rana ta yi zafi.

Na zauna da takarda na matse kaina, suna talatin da takwas na iya tunawa. Sauran ban san su ba, Yaya. Wasu da sunan furanni suke shiga, wasu da sunan 'ya'yansu, wasu ban san ko a Njamena suke ko a Kano ko a Maiduguri ba. Suna can kowace da wayarta a hannu tana jiran abin da mutumin nan zai yi, ba mu san ƙofar da za mu je ba. Na gaya wa Iya. Ta ce in bar musu layi a takardar, kada in rufe lissafin.

In kin san wata a cikin na wajenku, ki rubuto mini sunanta. Ki tambaye ta tukuna, ita kaɗai, ko ta yarda.

Ƙaninki,
Junaid